Sandar atin guda ɗaya ba ta isar eriyar tsaye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwa masu rediyon sha'awa, wato waɗanda ke da lasisin zantawa da takwarorinsu na duniya a gajeren zango daga cikin gidajensu, da kuma matasan da ke koyon abin. Maganar a kan eriyar tsaye ce, doguwar sandar nan da ake kafawa a tsakar gida ko bisa rufi. An fi sonta a birni saboda fili kaɗan take ci, kuma tana cilla igiyar rediyo ƙasa-ƙasa ta nufi nesa, shi ya sa mai alamar kira ta 5N a Najeriya ko 5U a Nijar zai iya jiyo Turai da Kudancin Amurka da ita. Damina na tafe, kuma akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare: a kafa eriya, a buga guntun rodi a gindinta, a ɗaura masa waya, a ce an yi atin. Wannan rodin bai gyara aikin eriya ba, bai kuma tsare gidan daga tsawa ba.

Abin da masu aikin wuta ke kira atin, wato haɗa abu da ƙasa, a wurin mai rediyo aiki uku ne daban-daban. Akwai na ita eriyar kanta, don wutar rediyo ta sami hanyar komawa. Akwai na tsawa. Akwai kuma na wutar gida, wanda ke hana akwatin rediyo jan mutum. Kowanne da kayansa, sannan dole a ƙarshe a ƙulla su wuri ɗaya.

Mu fara da sandar. Eriyar tsaye mafi sauƙi tsawonta rubu'in tsawon zango ne, kuma lissafinta bai da wuya: a raba 71.5 da lambar megahaz ɗin da ake son aiki a kai, abin da ya fito shi ne tsawon a mita. A megahaz 14.2 za a sami mita 5.03, a 21.2 mita 3.37, a 28.5 mita biyu da rabi, a 7.1 kuwa mita goma da 'yan kai. Shawararmu ga mai farawa ita ce ta mita biyar ɗin, don zangonta, wato na mita 20 (megahaz 14), yakan buɗe da rana da yammaci kusan duk shekara, kuma sandar ba ta fi ƙarfin mutum biyu ba. Ana haɗa ta da bututun alminiyam masu shiga cikin juna, misali mai faɗin milimita 32 a ƙasa, sai 28, sai 25. A tsaga bakin babban da zarto, a zura ƙaramin aƙalla santimita 15, a matse da zoben tiyo na ƙarfen da ba ya tsatsa. Wanda bai sami alminiyam ba ya samu busasshiyar gora miƙaƙƙiya ko sandar kamun kifi ta faiba, ya ɗaure mata wayar wuta ta jan ƙarfe daga ƙasa har sama. Aikin ɗaya ne, sai dai waya mai rigar roba takan buƙaci gajarta kamar kashi 3 cikin ɗari. A guji sandar kifi ta kabon, baƙar nan mara nauyi, domin tana ɗaukar wuta. A bar rarar santimita 15 a tsawon tun farko, don rage waya ya fi ƙara ta sauƙi.

Kafin a haƙa rami a ɗaga kai sama. Tazarar da ke tsakanin gindin eriya da wayar wuta mafi kusa, ko ta falwayar layi ce ko babbar nan ta kilovolt 11 ko 33, ta kai ninki biyu na tsawon eriyar har da turkenta. Sanda mai mita biyar a kan turke mai mita ɗaya tana son mita 12. Babbar waya ba sai an taɓa ta ba, wuta na iya tsallakowa ta iska in an matso ƙwarai. Gidan da bai da wannan tazara, mai shi ya haƙura ya nemi wata irin eriya.

Turken kuwa bututun ruwa ne na ƙarfe mai rigar tutiya, inci ɗaya da rabi, tsawon mita ɗaya da rabi. A haƙa rami santimita 40 kowane gefe, zurfin 80, a tsayar da bututun da ma'aunin magina, a zuba kankare na awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a riƙa ba shi ruwa har mako guda kafin a ɗora masa nauyi. Sandar eriyar ba za ta taɓa turken ba. Farantin roba mai kauri, irin wanda ake yanka nama a kai, yana raba su da kyau: a ɗaure turke a gefe ɗaya da ƙarfen lanƙwasa biyu masu noti, a ɗaure sanda a ɗaya gefen da wasu biyu, a tabbata babu inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Sai igiyoyin riƙo guda uku a kusan kashi biyu cikin uku na tsawon, a raba su daidai a kewaye. Igiyar roba ta shanya ba ta shekara a ranar bazara, sai ta yi fari ta rududduge, kuma iskar farkon damina ce za ta tona asirinta. A nemi ta foliyesta, baƙa in da hali. A ɗaga sandar da sassafe lokacin da iska ta kwanta, ba hadari a gari.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Sandar nan da ake gani rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin a ƙasa yake. Duk wutar da ta hau sanda sai ta dawo gindi ta cikin ƙasar da ke kewaye, ƙasa kuwa, musamman busasshen rairayi da marmarar da suka yawaita a arewa, muguwar hanya ce ga wuta, tana mayar da ita zafi. Maganin shi ne a shimfiɗa wayoyi daga gindin eriya zuwa kowace fuska, su tattaro wutar kafin ƙasa ta shanye ta. A littattafan sana'ar radiyal ake ce musu, mu bari mu kira su saiwoyi, don haka suke ga eriya kamar yadda saiwa take ga bishiya. Rodi yana nitsewa ƙasa a wuri ɗaya, alhali wutar rediyo a sama-saman ƙasa take yawo cikin faɗin fili, shi ya sa rodi ba ya maye gurbinsu ko da ya kai gaba goma.

Lissafi zai nuna girman abin. Eriya mai rubu'in zango a kan cikakkiyar shimfiɗa tana da juriya ta ohm 36. Duk abin da ƙasa ta ƙara a kai asara ce. A ce rodi kaɗai aka buga, asarar ƙasa ta kai ohm 64: jimla 100, kuma wat 36 ne kawai cikin wat 100 ke tashi sama, sauran na ɗumama ƙasa. Akwai kuma tarko a nan. Kebul ɗin rediyo na ohm 50 ne, saboda haka in asarar ta tsaya a ohm 14, jimla ta zama 50 cif, na'urar auna SWR, wato awon dacewar eriya da kebul, ta nuna 1:1, mai eriya ya yi ta murna alhali sama da rubu'in ƙarfinsa na tafiya a banza. In ya ƙara saiwoyi sai ya ga SWR ta hau zuwa 1.3 ko 1.4, ya zaci ya ɓata aiki. Gyara ya yi. Wannan ita ce lambar da lafiyayyiyar eriya ke nunawa, kuma babu rediyon da za ta dama.

Tun 1937 injiniyoyi uku na kamfanin RCA a Amurka, Brown da Lewis da Epstein, suka auna wannan al'amari a fili, kuma daga aikinsu aka samo al'adar binne waya 120 a gindin hasumiyar gidajen rediyo na matsakaicin zango. Mai gida ba ya buƙatar haka. Huɗu sun yi kaɗan, 16 sun fara aiki sosai, 32 sun kusa ƙure abin da kunne zai iya bambancewa. Guda 16 masu mita biyar-biyar waya ce mita 80, naɗi guda na wayar gida mai murabba'in milimita 1.5 ya isa. Saiwoyin da ke kwance a ƙasa ba sai an auna su daidai ba, kuma ba laifi in wasu sun lanƙwasa sun bi gindin katanga. Idan waya ta yi kaɗan, gajeru masu yawa sun fi dogaye 'yan kaɗan, domin wutar a kusa da gindi ta fi taruwa. A tsaga ƙasa da bakin fartanya zurfin santimita 3 zuwa 5, a cusa wayar, a take. Binnewa da zurfi rage musu amfani yake yi. Duka a haɗa su a zoben jan ƙarfe ko faranti mai ramuka a gindin turke, kowace da kunnenta da notinta, ragar kebul, wato saƙaƙƙiyar wayar da ke ƙarƙashin rigarsa, ta sauka a kan farantin, tsakiyar kebul ta hau sanda.

Gidan da aka daɓe da siminti ko aka shimfiɗa tayil, mai shi ya hau sama. Eriyar da aka ɗaga mita biyu da rabi ko fiye tana wadatuwa da saiwoyi huɗu, amma waɗannan sai an yanka su rubu'in zango daidai, tsawonsu ɗaya, kada su taɓa kwano ko bango, kuma a ƙare kowace da guntun roba ko kwalbar falwaya kafin igiya. Bakinsu na ɗauke da ɗaruruwan volt lokacin watsawa ko da a wat 100, yana ƙona fata, don haka ya yi nesa da hannun yara da wurin shanya. In aka sunkuyar da su ƙasa kamar digiri 45, juriyar na hawa kusa da ohm 50. Rufin kwano ma na iya zama shimfiɗa, da sharaɗin a ɗinke fallayen da ke kusa da gindi da sukurori da guntayen waya, domin kwanon da aka ɗora kan ɗan'uwansa kawai, tsatsa da ƙura sun shiga tsakani, yau ya haɗu gobe ya rabu, kuma shi ke kawo ƙarar ƙas-ƙas duk lokacin da iska ta motsa.

Kebul ɗin da ke haɗa rediyo da eriya, mita 30 na siririn nan RG-58 yana cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfi a megahaz 14, RG-213 kuwa kamar rabin haka. A fere bakin kebul a kanti kafin a biya: in ragar ta yi shara-shara har ana hango farar robar ciki, ko maganaɗisu ya kama ta, a ajiye. Kebul ɗin dish na ohm 75 ne kuma ragarsa ta alminiyam ba ta kama dalma. A daidai gindin eriya a naɗa kebul sau 10 zuwa 12 a zoben ferait irin FT240-31 ko FT240-43, siririn kebul ke shiga wannan naɗin. Aikinsa hana wutar rediyo bin bayan raga ta shigo ɗaki. Wanda makirufo ke cizonsa a leɓe, ko kwamfutarsa ke rikicewa da ya danna magana, ko SWR ɗinsa ke canzawa in ya taɓa kebul, wannan zoben ne babu. Filogin da ke bakin kebul, irin PL-259, ba ya hana ruwa. A naɗe shi da tef mai narkewa ya haɗe da kansa, a bi da tef ɗin wuta a sama saboda rana, a kuma bar kebul ya yi ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Ruwan da ya shiga raga yana baƙanta ta, kuma alamar ita ce SWR ta yi kyau a ko'ina amma ba a jin kowa.

Wajen daidaitawa, ƙaramar na'urar auna eriya irin NanoVNA ta isa. A nemo inda SWR ta fi sauka. In wurin yana ƙasa da inda ake so, sanda ta yi tsawo. Kashi ɗaya cikin ɗari na tsawo yana motsa zango kashi ɗaya cikin ɗari, wato santimita 5 a sandar mita biyar kamar kilohaz 140 ne. A rage kaɗan-kaɗan.

Sai maganar tsawa, wadda ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Matsakaiciyar aradu tana ɗauke da amfiya kusan 30,000. Ko da atin ɗin ya yi kyau har ya sauka ohm 10, a wannan ƙiftawar ido ƙasar da ke gindin rodi za ta hau volt 300,000. Idan rodin eriya daban, rodin mitar gida daban, babu abin da ya haɗa su a waje, to akwai abin da ya haɗa su a ciki: kebul ya shigo rediyo, rediyo na jone da soket, soket na jone da atin gida. Ta nan wutar za ta bi, ta ratsa rediyo da teburi da wayoyin cikin bango. Mutane da yawa suna raba rodunan da gangan, suna ganin kariya ce kada tsawa ta shiga wutar gida, kuma wannan rabuwar ce ke jawo gobara. A haɗa rodin eriya da na gida da wayar jan ƙarfe wadda ba ta gaza murabba'in milimita 16 ba, a binne ta a waje ta zagaya gini, kada ta ratsa ɗaki. Ƙarfen faifan sola, ƙafar tankin ruwa, turken dish da jikin janareta duk su hau wannan layi ɗaya.

Rodin kansa na ƙarfe ne mai rigar jan ƙarfe, kauri milimita 16, tsawo mita 2.4. Guntayen mita 1.2 da suka cika kasuwa ba sa kaiwa ga danshi da rani, sai dai a haɗa biyu da maɗaurinsu mai zare. A kankare jikin da wuƙa kafin a saya, domin akwai masu fenti kawai. Rodi guda a ƙasa mai laka da danshi yakan ba da ohm 40 ko ƙasa da haka, a busasshen yashi kuwa ɗaruruwa, alhali ƙa'idar kariyar tsawa ta duniya ƙasa da ohm 10 take so. Don haka sai an ƙara na biyu da na uku, tsakaninsu kamar mita biyar. In aka jera su kusa da juna ƙasa ɗaya suke rabawa, ribar kaɗan ce. Inda marmara ko dutse ya hana rodi shiga, a haƙa kwalbati zurfin santimita 60, a kwantar da tsirarar waya mai kauri ko falallen jan ƙarfe mai milimita 25 da 3, mita goma ko fiye. Kusa da makwararar ruwan alwala ko gindin bishiyar da ake ba ruwa ya fi tsakiyar fili. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa suna sauke awo a ranar da aka gama aiki, amma damina ɗaya ko biyu ke wanke gishirin, kafin nan kuma ya ci rodin da maɗaurinsa. Yumɓun bentonait ya fi, yana riƙe ruwa ba ya cin ƙarfe. Awon gaskiya kuwa a watan Maris ko Afrilu ake yinsa, da na'urar auna atin mai turaku biyu. Ƙaramar mitar mai gyaran rediyo ba ta wannan aiki.

Wayar tsawa ta zama gajera, miƙaƙƙiya. Kowace mita ɗaya ta waya na iya tara dubban volt saboda saurin hawan wutar aradu, kuma kwana mai kaifi ko naɗi yana sa ta tsallake ta nemi wata hanya. In lanƙwasa ta zama dole a yi ta da faɗi, kamar bakin babbar roba. Kada a liƙa mahaɗar da dalma, narkewa za ta yi ta fantsama. Maɗaurin tagulla mai noti ko walda shi ne daidai. Jan ƙarfe kuma in ya zauna kan alminiyam ko tutiya cikin danshi yana cinye su, sai a sa washa ta ƙarfen da ba ya tsatsa a tsakani, a shafa girisi. Bututun gas ba wurin atin ba ne, bututun ruwa na yanzu roba ne, wayar nutural kuma ba atin ba ce.

A bangon waje, daidai inda kebul zai shiga, a kafa farantin jan ƙarfe ko alminiyam kamar santimita 20 da 30, a ɗaura masa na'urar kare tsawa ta kebul mai ƙwayar gas, wadda ke ɓarkewa a volt 230 ko 350 ga mai wat 100, a sauke waya daga farantin zuwa rodi a ƙasa da mita ɗaya ko biyu. A ciki kuma a sa falallen jan ƙarfe a bayan tebur, kowane akwati da tasa wayar zuwa gare shi, ba a jera su kamar carbi ba. Mai ɗaki a bene ya sani wayar atin mai mita biyar a megahaz 14 ita ma eriya ce, ba za ta kwashe masa wutar rediyo ba. Amfaninta tsaron rai ne, sauran aikin na zoben ferait ne.

Akwai wani abu da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa muna tare da shi wata uku a shekara. Ƙurar hunturu da ke gogar sanda cikin busasshiyar iska tana tara mata caji, haka ma guguwar da ke gaban hadari. Wanda ya cire kebul a irin wannan rana ya kusantar da tsinin kan da jikin ƙarfe zai ji tas-tas, a duhu har ya ga shuɗin tartsatsi. Wannan ya isa ya kashe ƙofar karɓar sauti ta rediyo ba tare da ko gajimare ɗaya a sama ba. Rasisto, ɗan abin nan da ke rage gudun wuta, na kilo-ohm 100 zuwa 470, mai wat 2 ko 3, tsakanin sanda da farantin saiwoyi, yana tsiyaye cajin a hankali kuma bai taɓa aikin eriya. A saka shi cikin ɗan akwatin roba, a duba shi bayan kowace damina.

Duk da wannan, babu na'urar da ke lamunce wa rediyo in aradu ta sauka kan sanda kai tsaye. Sauti na cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka in tsakanin walƙiya da rugugi bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin na cikin kilomita goma, kuma lokacin taɓa kebul ya riga ya wuce. Tun hadari na haɗowa a gabas za a kwance kebul daga farantin waje, a zare filogin wuta da wayar intanet, a janye guntun da ke shiga ɗaki ya yi nesa da farantin kamar mita ɗaya. Jefa kan kebul cikin kwalba a ƙarƙashin tebur ba kariya ba ce, wutar da ta keto kilomitoci ta iska gilashi ba zai tare ta ba. Wanda zai yi tafiya ko zai kwanta barci tsakanin Mayu da Oktoba ya bar shi a kwance.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu ma'abota rediyon sha'awa da aikin lantarki